Sunan Baba a Takardar Tsere

Abu na farko da Faransa ta yi mini shi ne ta kira sunan ubana da ƙarfi a bainar jama'a. Fitowata ke nan daga jirgi, jaka ɗaya a kafaɗa, takalmin gudu mai ƙusa rataye a wuya don kada a sace, sai na ji an kwaɗa kira: "Arzika! Arzika!" Na waiga ina neman tsohona. Ashe wani gajeren Bature ne mai jan wuya yake ɗaga mini hannu. Shi ne mutumin da ya ga guduna a Yamai ya ce zai kai ni ƙasarsu ya mai da ni zakara. Kowa Patron yake ce masa, wato ubangida, ni ma haka na bi.

Sunana Iro. Wancan sunan na mahaifina ne, lakwal, wato makarantar boko, ce ta liƙa shi a bayan nawa tun ina ƙaramin aji a Tajaye. A gidanmu ɗa ba ya kama sunan uba. Ko wani muka gamu da shi mai irin sunan, sai dai mu ce "mai sunan Baba". Yanzu ma da nake rubuta shi, don alƙalami ne ba baki ba. To ga ni a ƙasar da ba wanda ya damu da Iro. A takarda, a bakin mai gadi, a lasifikar filin wasa, sunan Baba ne tsirara, ko "Malam" ba a sa masa.

Tun a cikin mota Patron ya karɓi fasfona da tikitin komawa, wai kada su ɓata. Na miƙa da hannu biyu har da godiya. Ya sauke ni a wani gari na gabashin ƙasar, ya ba ni ɗaki a saman garejin gyaran mota. Gado ɗaya, murhun gas, da taga mai kallon bututun wata masana'anta. Da safe ƙarar guduma ke tada ni. Na yi kwana uku ina salla ina kallon bango daban-daban, don ban ga rana ba balle in san gabas.

Ni mai gudun mita ɗari takwas ne, zagaye biyu na fili. Wani mushen wasanni, wato malamin motsa jiki, a kwalejin Ƙonni ne ya fara ganin ƙafata, daga nan Tawa, daga nan Yamai. Na zo da tunanin za a gyara ni in yi tsere. A rana ta huɗu Patron ya kai ni fili ya nuna mini wani saurayi ɗan ƙasar, siriri, ƙafafu kamar na raƙumi. A raina na sa masa Dogo.

"Wannan shi ne dokina," in ji Patron. "Kai kuma zomonsa ne."

Na ɗauka zolaya ce, na yi dariya. Ashe sunan aiki ne. A tseren da ake son a karya lokaci, akan sa mutum ɗaya a gaba. Shi ke tsaga iska, shi ke ɗauke da agogo a kansa, sauran su lafe a bayansa ba ruwansu da lissafi. Zai kai su zagayen farko a daidai daƙiƙar da aka yi alkawari, ya ƙara ɗari ko ɗari biyu, sannan ya karkata ya fita kan ciyawa ya bar musu hanya. Nawa alkawarin daƙiƙa hamsin da biyu ne. Ba hamsin da ɗaya ba, kada in kashe Dogo tun da wuri. Ba hamsin da uku ba, kada in ɓata masa lokaci.

"Bana ka ja shi," Patron ya ce, yana dafa kafaɗata. "Baɗi naka ne."

Na kuwa iya, ba yabon kai ba. Kullum abu ɗaya: ɗari huɗu, ɗari biyar, ɗari shida, Patron yana tsaye da agogo yana ihu. Cikin wata biyu hamsin da biyu ta zauna a ƙafata, ko daga barci ka tashe ni zan ba ka ita ba ragi ba ƙari. Muka shiga yawon garuruwa, da sanyi ya shigo kuma muka koma filayen cikin rufi. Ina jan su, ina fita, ina tsayawa a gefe da hannu a ƙugu ina kallon ƙarshen tseren da ni na fara. Wani lokaci a tafa mini kaɗan, irin tafin da ake yi wa wanda ya kawo ruwa.

Sanyin ƙasar nan ba zan iya kwatanta shi ga mutumin Tajaye ba, don ba zai yarda ba. Amma ba sanyi ne ya fi ci mini rai ba, rashin ƙasa ne. Ko'ina kwalta, ko'ina siminti, ƙafa ba ta taɓa taka abin da Allah ya shimfiɗa. Sai na gano ramin masu dogon tsalle a gefen filinmu. A duk garin, nan kaɗai ke da rairayi. In an gama horo kowa ya watse, sai in cire takalmi in tura ƙafafuna ciki har idon sawu, in rufe ido. Rairayin jiƙaƙƙe ne mai sanyi, amma in na daure sai in ji kamar ina gonarmu ta gabas bayan ruwan shuka.

A nan tsoho Marsel ya kama ni. Shi ne mai kula da filin, gurgu ne kaɗan, kullum da manjagara a hannu. Ranar farko ya yi ta faɗa wai na ɓata masa rairayin da ya daidaita. Rana ta biyu ya tsaya yana kallona. Rana ta uku na tarar ya bar kusurwa ɗaya bai share ba, ya nuna mini da haɓa. Daga baya na ji cewa da shi ma mai horar da 'yan gudu ne, kafin a ce ya tsufa.

Shi na kai wa takardun. Bayan kowane tsere akan raba takardar sakamako, sunaye a jere, kowa da lambar lokacinsa a gefe. Ni ina tara nawa a jaka, da niyyar in kai gida a gani. Sunan Baba kullum yana can ƙasa, kuma maimakon lamba sai wasu haruffa biyu. Na tambayi Marsel ma'anarsu.

Ya gyara tabarau. "Taƙaitawa ce. Ana nufin wanda ya bari. Ya fara bai ƙarasa ba."

"Amma ai aikina ke nan. Cewa aka yi in fita."

"Takarda ba ta san wannan ba, ɗana. Abin da ta gani take faɗa."

Na ƙirga, takarda goma sha ɗaya. Sai ka san Baba kafin ka gane abin da na ji. Ba shi da shanu, ba shi da sarauta, abu ɗaya yake da shi. In an yi gayya a Tajaye, maza sun jeru da hauya, makaɗa na bin su, shi ne wanda ba a taɓa gani ya miƙe tsakiyar layi ba. Ko rana ta raba, ko hannu ya fashe, sai ya kai ƙarshen gona. An taɓa yin shekarar da kunama ta harbe shi yana tsaka da layi, ya ƙarasa sannan ya zauna. Mutumin nan ne aka rubuta sau goma sha ɗaya a ƙasar Turawa cewa ya fara bai ƙarasa ba, kuma da ƙafata aka rubuta.

Ana cikin haka kaset ya iso, ta hannun wani ɗalibi ɗan Illela da ya dawo daga hutu. Marsel ya ara mini rediyonsa. Inna ce ta fara, da gaisuwa mai tsawo, ta ce hatsi ya yi kyau, sun ci tumu sun tuna da ni, akuyata ta haifi biyu. Ƙannena suka yi ta dariya suna ture juna. Ni kuwa bayan muryoyin nake saurare: luguden mata a gidan maƙwabta, jaki yana kuka can nesa, ƙyauren langa-langarmu da ke ƙara in an tura shi. Na yi ta mai da kaset baya don in sake jin ƙyauren nan. Can ƙarshe Baba ya yi gyaran murya.

"Iro. Muna lahiya. Mushen lakwal ya ce mini can ƙasar da sunana aka kiran ka. To, madalla. Ni ban san gudu ba, ban san mi aka samu cikinai ba. Amma ka dai san ni. Ka riƙa shi da kyau."

Shi ke nan maganarsa. Na yi kuka ranar, ba zan ɓoye ba. Sau huɗu ina ɗaukar amsa a bayan kaset ɗin ina gogewa. In ce ina lafiya, gaskiya ne. In ce ina riƙe da shi da kyau, ƙarya ce, kuma Baba yana jin ƙarya a murya ko da daga Faransa ta taso. Ina son gida kamar raina zai fita, amma ba ni da fasfo, kuma ko da ina da shi, da wace takarda zan shiga gidan?

Na sami Patron a ofishinsa na roƙe shi. Na ce sau ɗaya kawai, ƙaramin tsere ma ya isa, ya bar ni in ƙarasa.

"Baɗi," ya ce, bai ɗago ba.

"Wanda ya riga ni ma baɗi aka ce masa?" Don na ji labari, kafin ni akwai wani ɗan Mali a ɗakin nan, shekara uku yana jan mutane.

Sai ya ɗago. "Ka saurare ni, Arzika. Masu shirya tsere suna kiran ka ne don sun san za ka fita. Ranar da ka ƙetare layin ƙarshe, ba mai sake yarda da kai, ni ma ba ni da amfani da kai. Ranar za ka koma inda ka fito."

Shi a ganinsa barazana ya yi mini. Na sauko daga benen ina jujjuya maganar, na ga ashe hanya ya nuna mini, har da kuɗin mota.

Na faɗa wa Marsel abin da nake son yi. Ya daɗe yana jan manjagara kafin ya amsa.

"Ka san abin da za ka zubar? Shekararka ashirin da uku. Ka yi haƙuri da mutumin nan shekara biyu, wata ƙungiya za ta gan ka. Ƙafa irin taka ba kullum nake gani ba."

"Shekara biyu takarda nawa ke nan?"

Ya jingine manjagara ya ce in yi masa ɗari shida, kada in tsaya, in wuce har ƙarshe. Na yi. Ɗari biyun ƙarshe ban san yadda na kai ba. Ya tarye ni yana girgiza kai, ya ce tseren ɗari takwas daga ɗari shida yake farawa, ni kuwa wata bakwai ina sauka daidai inda ake hawa.

Muka fara aiki da sassafe, kafin Patron ya zo. Marsel ya warware guduna kamar mai kwance tsohuwar igiya. Ya ce rairayin garinmu ya koya mini miƙa ƙafa can gaba in sauka da dunduniya, in na gaji abin sai ya ƙaru. "Birki kake taka wa kanka. Ƙafa ta sauka ƙarƙashin ƙugunka, a kan tudun tafin, ta bar ƙasa da wuri kamar ƙasar na da zafi." In na gaji kafaɗuna na hawa kunne, kaina na faɗawa baya, hannuwana na gicciye ƙirji. Ya sa ni riƙe ɗanyen ƙwai a kowane hannu ina gudu don in daina dunƙulewa. Na fasa shida a mako na farko, ya ce matarsa ta fara tambayar inda ƙwanta ke tafiya.

"In ƙafa ta mutu, hannu ke jan ta," yake cewa. "Tura gwiwar hannu baya, ƙafa za ta bi ko ba ta so."

Mafi muni shi ne wanda yake kira gadar wuta. In yi ɗari shida da gudun zomo, in huta daƙiƙa talatin, in tashi in yi ɗari biyu da duk abin da ya rage. Cinyoyi su yi nauyi kamar an ɗaura buhun gero, baki ya yi ɗacin ƙarfe. Nakan yi amai a bayan ramin tsalle, shi kuma ya tsaya yana ɓare mini lemo. Wata rana ya zo da miya a kwano, ya ce matarsa ta sayi sabuwar tukunya musamman, wadda naman alade bai taɓa shiga ba. Miyar ba yaji ba daddawa, salam. Na shanye ta tas, kuma har yau in na tuna matar nan da ban taɓa gani ba sai na yi mata fatan alheri.

Bai ruɗe ni ba. Ya ce wanda ya buɗe da hamsin da biyu yana tsaga wa mutane iska ba zai ci ba, za su wuce ni ina kallo. Na ce ba ci nake nema ba, lamba nake so a gefen sunan.

Ranar ta zo cikin watan Yuli, a wani gari na bakin kogi, da la'asar, rana tas. Muna tsaye a layin farawa, mu tara, abin da ya faɗo mini shi ne yanzu a gida ana noman farko. Aka harba bindiga. Na ba su hamsin da biyunsu cif, don ban so a ce na ci amanar aikin ma. Ƙararrawar zagayen ƙarshe ta kaɗa, ina jin numfashin Dogo a wuyana. Ɗari biyar. Ɗari shida. Ga ciyawa a hagu tana jirana, ga Patron a bakin shinge.

"Fita! Arzika, fita!"

Ƙafata da kanta ta fara karkata, don ta saba. Na dawo da ita. Dogo ya yi tsammanin zan buɗe masa, ya kusa taka ni, dole ya zagaye ni ta waje a kan kwana. A nan lokacin da yake nema ya zube. Ban kyauta masa ba, na sani, yaron bai taɓa yi mini komai ba. Shi ne abu ɗaya da ke damuna a cikin labarin nan.

Daga nan duniya ta ƙanƙance. Bayan Dogo, biyu suka wuce ni tare. Kaina ya fara faɗawa baya, na tuna na sauke haɓa. Ƙafafu sun mutu, na bar su na koma kan hannu, gwiwa baya, gwiwa baya. Layin ƙarshe yana can kamar ana janye shi. Wani ya sake wuce ni. Ban san na ƙetare ba sai da na ji kumatuna a kan jan daɓen filin, wani yana zuba mini ruwa. Ina kwance lasifika ta fara jero sunaye. Na biyar, ta kira Baba, ta bi shi da lamba.

Marsel ne ya je wurin alƙalai da ɗingishinsa ya karɓo takardar, ya sa suka buga mata hatimi. Patron bai yi mini magana ba a hanya. Washegari ya hau ɗakina ya jefa fasfo da tikiti a kan gado, ya ce zuwa Juma'a yana son makullinsa. Ya cika alkawari ɗaya dai a rayuwarsa. Marsel ya raka ni tashar jirgin ƙasa, ya riƙe hannuna ya ce, "Wawa ne kai." Idonsa ya yi ja. Ban sake ganin sa ba, ban kuma sake taka filin tsere na waje ba. Akwai ranakun da nake kwana da tambayar inda ƙafar nan za ta kai ni da na yi haƙuri.

Daga Yamai na shiga motar Ƙonni, daga Ƙonni na kama ta Tawa. Tun daga Malbaza na kasa zama daidai, gero kore shar dama da hagu, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na shigowa ta taga. Na sauka a bakin hanya na cire takalmi na taka da ƙafa. Ban bi ta gida ba, na san inda zan same shi. Yana gonar gabas, a ƙarƙashin gawo, hauya a jingine, yana shan fura. Ya rame, gemun ya ƙara fari. Na durƙusa.

"Kai na? Ba a ce muna kana tahe ba."

"Ni na, Baba. Na taho ke nan, ba ni komawa."

Ya dube ni, ya dubi ƙafafuna. Muka gaisa, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen can kamar ya san su. Ya miƙo mini ludayi. Sai da na sha sannan na ciro takardar na ba shi da hannu biyu. Ya riƙe ta a juye, ya shafa hatimin da babban yatsa, ya maido mini.

"Ni mi na sani ga boko? Karanta mini."

Na karanta sunan garin, na karanta na ɗaya, na biyu, har na huɗu, kowa da lambarsa. Da na zo layi na biyar sai na ce, "Na biyat, ni," na faɗi lambar.

"Su waɗancan duk ka hwaɗi sunansu. Nan 'ni' anka rubuta?"

"A'a, Baba."

"To mi anka rubuta?"

Na sunkuyar da kai. "Mai sunan Baba."

"Iro, ba ni son kwana-kwana. Karanta mini yadda Annasara ya rubuta."

Na dubi takardar, haruffan suna rawa. Ɗari biyun ƙarshen nan ba su kai wannan nauyi ba. Shekara ashirin da uku bakina bai taɓa ɗaukar kalmar ba, ga shi mai ita na zaune taku ɗaya daga gare ni yana jira.

"Arzika," na ce. "Nijar. Ya ƙarasa."

Ya ci gaba da kallon gonarsa, har na ɗauka bai ji ba. Sannan ya gyara zama, ya amsa a hankali.

"Na'am."